Yadda na koyi riƙe wuƙar gireda

Shekara huɗu na yi ina jan rola kafin ƙafata ta taka matakalar gireda. Mai rola kullum a baya yake. Tifa ta juye ƙasa, gireda ta baza, tankar ruwa ta yayyafa, sannan ni in bi in danne. A wannan zaman na gane cewa abin da mai gireda ya bari shi nake dannewa. In ya bar tudu, tudun zan mayar kamar dutse. In ya bar kwari, nan zai zauna yana jiran ruwan sama. Shi ya sa idona ya koma kan dattijon da ke jan gireda a gabana, wanda in ya wuce wuri sai in ji rola tana tafiya sumul, ba tangaɗi ba girgiza. Wata rana da aka tashi aiki na same shi yana goge hannu da tsumma, na rusuna na ce, "Baba, ina so ka koya min wannan aikin."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "To ɗana, gobe ka riga kowa zuwa. Ka zo da tsumma da abin ɗura giris."

Mako uku ban taɓa sitiyari ba. Kullum da sassafe, kafin a tada inji, sai in zaga motar: in zaro sandar baƙin mai in duba, in leƙa ruwan lagireto tun yana da sanyi, in duba man haidurolik, in tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasan matatar man dizal, in duba matatar iska, in auna iskar tayoyi shida. Baba ya fi matsa min a kan tayoyin. Ya ce in taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta taushi motar za ta ɗan karkata, wuƙa, wato dogon ƙarfen da ke yankar ƙasa a ƙarƙashin motar, ita ma ta karkata, kai kuwa kana sama kana ta gyaran abin da ba ka san tushensa ba. Ya kuma hana ni neman yoyon tiyon haidurolik da hannu, domin man da ke fita ta ƙaramin rami da tsananin ƙarfi yana iya huda fata ya shige tsoka. Guntun kwali ake karawa. Daga nan sai giris, maɓuɓɓuga bayan maɓuɓɓuga, sai kankare ƙasar da ta maƙale a haƙoran babban zoben da ke juya wuƙa. A lokacin na ɗauka jarraba haƙurina kawai yake yi. Sai da na hau na ga amfanin abin, don babu wani ƙarfe da zai motsa a ƙarƙashina wanda ban taɓa shi da hannuna ba.

Motar da na koya a kanta Caterpillar ce, samfurin 140H, nauyinta wajen tan 14, faɗin wuƙarta mita 3.7. Na taɓa tambayarsa dalilin da ya sa aka yi ta doguwa haka, kamar an ja wuyanta, aka kuma rataye wuƙa a tsakiya maimakon a gaba irin ta katafila. Bai ce komai ba, ya ɗauki wata doguwar sanda ya ajiye a ƙasa, ya tura dutse ƙarƙashin bakinta ɗaya.

"Dubi nan, nawa ya tashi?"

Na ce kamar yatsa huɗu.

"Tsakiya fa?"

Na duba, yatsa biyu.

Ya ce to ka gani. In tayar gaba ta hau tudu, kusan rabinsa ne ke isa wuƙa. Tayoyin baya huɗu kuma bibbiyu aka haɗa su a akwati ɗaya mai lilo, sarƙa na juya su a ciki, don haka in ɗaya ta hau dutse ɗayar na ƙasa, su ma sun rage tsallen kafin ya iso. Duk bi ɗaya da ka yi, gargadar wurin tana raguwa, ko da hannunka bai gwanance ba. Gwaninta ita ce kada kai ka ƙara wata gargadar da hannunka.

Ranar da ya hawar da ni, inji na aiki amma motar na tsaye. Liba, wato sandunan da ake sarrafa motar da su, takwas ne jere a gefen sitiyari, huɗu hagu huɗu dama, ban da ta haƙoran baya masu farfasa ƙasa. Biyu na can ƙarshe su ke ɗaga bakin wuƙa na hagu da na dama. Akwai mai zame wuƙa gefe, akwai mai juya zobe, akwai mai kifa wuƙa gaba ko kwantar da ita baya, akwai mai tura zoben gaba ɗaya zuwa gefe, akwai mai lanƙwasa motar a ƙugu, akwai mai kwantar da tayoyin gaba. Ya ce in rufe ido. Yana tsaye a matakala yana kira, "Ɗaga hagu. Juya zobe. Kwantar da taya dama." In hannuna ya kai kan wata daban sai ya ɗan buge shi da yatsa. Kwana biyar muka yi a haka. Hujjarsa ita ce duk daƙiƙar da ka sunkuya neman liba, motar ta ci mita biyu ba da saninka ba.

Kwantar da tayoyin gaba shi ne ya fi ba ni mamaki, don wanda bai sani ba in ya gani zai ce wani abu ne ya karye. Dalilinsa kuwa a fili yake. Wuƙa a karkace take aiki, tana tura ƙasa zuwa gefe ɗaya, ƙasar kuma tana ture gaban motar zuwa ɗaya gefen. In ka kwantar da kan tayoyin zuwa inda ƙasa ke zubewa, sai su dafe, motar ta riƙe layinta. Daga baya na karanta cewa dabarar ta girmi injin kansa. Wani Ba'amurke mai suna J. D. Adams ne ya fito da ita a 1885, lokacin da dawakai ke jan gireda. Kamfanin Russell ya yi mai tafiya da kanta wajen 1920, Caterpillar ta saye shi a 1928, sannan a 1973 ta fito da masu lanƙwasa a ƙugu. Wannan lanƙwasar, digiri 20 kowane gefe, ita ke ba ka damar sa tayoyin gaba a cikin magudana na baya kuma suna kan ƙasa mai ƙarfi, motar na tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa. Ita ce kuma ke sa sabon hannu ya yanka tayarsa da bakin wuƙa, in ya juya zobe da yawa alhali motar na lanƙwashe. Kafin kowane juyi Baba kan ce, "Dubi dugaduganka," yana nufin bakin wuƙa na baya da tayar da ke kusa da shi. Sai kuma makullin da ke haɗa tayoyin baya su ja tare: a miƙe ake sa shi, kafin kwana a cire.

Filin da ake tara ƙasa ya zama makarantata. Ya sa tifa ta juye lodi uku a jere, ya ce in mayar da su kunya guda, doguwa, irin ta gona, in kai ta wancan gefen filin, in dawo da ita, in sake kaiwa. Mako biyu ina wannan. Nan na haɗu da ciwon duk wani sabon hannu, wato yawan gyara. Sai in ga wuƙa ta ɗan nutse, in ɗaga, ta yi sama da yawa, in danna, ta nutse fiye da dā. In na waiwaya sai in ga bayana kamar igiyar ruwa. Abin da ban lura ba shi ne in ka danna baki ɗaya, ɗaya bakin yakan ɗan tashi, don haka hannu biyu ne ke magana da juna koyaushe. Kuma idona na kafe a ƙarƙashin ƙafata. Baba ya ce abin da ya iso wuƙa ya riga ya wuce ka, ka kalli gaba, ka ga tudu tun yana zuwa, ka ji sauran a kujera da ƙarar inji. Ya koya min taɓa liba da gefen yatsa, ƙyas, in saki. In ka ga motsin wuƙar da idonka ƙarara, to ka yi yawa.

Gudu ma haka. Aikin wuƙa a giya ta biyu ko ta uku ake yinsa, kilomita 5 zuwa 8 a awa. In ka haura, motar takan fara rawa a kan tayoyinta, kowane tsalle kuma wuƙa na rubuta shi a ƙasa. Karkatar wuƙa tsakanin digiri 30 da 45 ta fi dacewa da yawancin aiki, saman ta kuma ya ɗan riga bakin yankan da kamar santimita 5. In an dace da wannan, ƙasa ba turuwa take ba, mirginawa take a jikin wuƙa, tana hawa tana kifowa tana gangarawa gefe, tsakuwa da gari suna cakuɗuwa. Akwai wani sauti da take yi a lokacin, shuuu, mai laushi, ba ƙarar ƙarfe a kan dutse. Ranar da na fara jin sa daga hannuna, ban so a tashi aiki ba.

A wata na huɗu aka kai mu gyaran wata hanyar burji da gargada ta cinye, ta yi layi-layi kamar kwanon rufi. A nan na ga bambancin shafa da gyara. Mai gaggawa yakan bi sama-sama ya share kan tudun ya cika kwarin da garin ƙasa, hanya ta yi kyau a ido, bayan kwana kaɗan motoci su kwashe garin, gargadar ta dawo a daidai inda take. Baba yakan yanka har gindin gargadar. Rami kuma sai ya sauke haƙoran baya ya farfasa wurin har ƙasa da zurfin ramin, sannan ya cakuɗa ya shimfiɗa. Kuma ba ya taɓa busasshiyar ƙasa. Yakan sauko ya damƙi ƙasar a tafinsa ya matse. In ta watse, a kira tankar ruwa. In ta manne masa a hannu ta bar laima, a jira rana. In ta dunƙule ta riƙe shatin yatsunsa, ta kuma fashe gida biyu ko uku in ya danna, sai ya hau.

A wannan hanyar na yi kuskuren da ya koya min aikin gaba ɗaya. Wata rana da azahar aka kira Baba wani sashen, ya bar min mita 300 in ƙarasa. Na yanka, na baza, na bi gefen hagu na bi na dama. Da na waiwaya sai na ga wani ɗan layi ya fito a tsakiyar hanya, inda bi biyun suka haɗu, ya tsaya min a rai. Na miƙar da wuƙa, na bi ta tsakiya sau ɗaya na share shi. 'Yar kunyar da ta rage kuma na tura ta bakin kafaɗar hanya na bar ta a can. Rola ta bi ta danne. Wurin ya yi sumul kamar tebur, na kwana da farin ciki.

Da dare aka yi ruwa mai ƙarfi. Da safe muka tarar ruwa kwance a tsakiyar mita 300 ɗina, tifofin farko sun riga sun bi ta ciki sun kwaɓa shi, sawun tayoyinsu ya zama kwari biyu. Sashen Baba kuwa, da ke manne da nawa, har ya fara shan iska. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in biyo shi a ƙafa. A sashensa ya tsaya a tsakiya ya tsiyaya ruwa daga gora, ruwan ya rabu ya gangara gefe. Muka zo nawa ya tsiyaya, ruwan ya tsaya yana kallonmu.

"Ɗana, ina ka ce wa ruwan nan ya tafi?"

Na yi shiru.

"Layin da ka share shi ne doron hanya. Wannan kunyar da ka bari a gefe kuma ka yi masa madatsa. Ko ya so fita, ta ina?"

Ya tsuguna ya zana min a ƙasa. Hanyar burji tana son gangara ta kashi 4 cikin 100 daga tsakiya zuwa kowane gefe, wato in faɗinta mita 6 ne, tsakiyar ta fi baki tsawo da santimita 12. Ta kwalta kashi 2 zuwa 2.5 ya ishe ta, don ruwa ba ya kama ta kamar yadda yake kama ƙasa. Kuma doron ya zama kamar jinkar ɗaki, gefe biyu miƙaƙƙu da suka haɗu a sama, kada ya zama kamar bayan ƙwarya, mai faɗi a tsakiya da gangara a baki. In ya yi ƙasa da haka ruwa ya kwanta ya haifi ramuka, in ya wuce kima direbobi su guji gefe su taru a tsakiya. Ranar na fahimci cewa duk wani motsi na wuƙa, hanya kake nuna wa ruwa: daga doro zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa magudana, daga magudana zuwa kwalbati. Santsin da matafiyi ke yabawa yana zuwa ne daga baya, in ruwa ya samu mafita.

Kwana biyu na yi ina gyara ɓarnata. Na jira wurin ya sha iska, na farfasa da haƙora, na shiga magudana da bakin wuƙa na jawo tsakuwar da ta gudu, na kwashe madatsar da na yi, na tara komai zuwa tsakiya, sannan na baza kowane gefe daban ba tare da wuƙa ta ƙetare layin tsakiya ba. Baba ya ba ni wani katako mai tsawon mita 3, an ɗaura masa ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa, an kafa masa ƙafa ta santimita 12 a baki ɗaya. Duk taku ashirin sai in sauko in aza, mai ƙafar a gefen hanya, ɗayan a kan doro. In ƙwayar ta tsaya a tsakiya, na dace. Na hau na sauka a kwana biyun nan fiye da yadda na yi a wata guda. A nan ne kuma ya nuna min cewa bakin wuƙa kansa yakan ci a tsakiya fiye da gefe, ya zama kamar baka, sai ya riƙa ba ka doron ƙwarya ko da hannunka daidai ne. Zare ake ja daga baki zuwa baki a duba. Ƙarfen bakin da noti aka ɗaure shi don a riƙa canzawa, kuma ba a barinsa ya cinye har ya kai jikin wuƙar.

Kwana tana da nata hukunci. A can doro ɓacewa yake, hanyar gaba ɗaya ta jingina zuwa cikin kwanar don mota ta zauna daram. Wahalar tana wajen shiga da fita, inda za ka riƙa ɗaga gefen waje kaɗan-kaɗan tun kafin a iso, har ya miƙe da na ciki, sannan ka mayar da shi a hankali bayan an wuce. Haka ma gab da gada, wadda ba ta da irin doron burji. Ban kama wannan da wuri ba, ya ɗauke ni wajen wata biyu. Kafin in shiga kowane sabon wuri kuma sai na taka shi da ƙafa, in ga kan kwalbatin da ciyawa ta rufe, da dutsen da ya binne, da inda aka ce bututu ko waya sun ratsa. Ga mutanen da ke aiki a ƙasa, masu tsince duwatsu da masu riƙe igiya, waɗanda in kana ja da baya inji ya tare maka su. Dokar Baba ita ce in ba ka ga kowa da ka san yana wurin ba, ka tsaya. In za ka sauka kuma, wuƙa da haƙora su taɓa ƙasa tukuna, a ja birki.

Mataki na ƙarshe shi ne shimfiɗar da kwalta za ta hau, kuma nan ne ake sanin mai gireda. Safiyo ya kafa fegi gefe da gefe, kowanne da alamar tsawo. Ana jan igiya tsakanin fegi biyu a auna da tef zuwa ƙasa, kuskuren da ake yafewa bai wuce kamar santimita ɗaya ba. Kowace shimfiɗa takan zauna a wajen santimita 15 bayan dannewa, don haka sai ka baza ta da kauri fiye da haka, ka bar wa rola rabonta. A nan shekaruna na baya suka yi min rana, don na san yadda kowace irin ƙasa ke nutsewa a ƙarƙashin gangar rola. Na koyi barin wuri ya ɗan yi sama in aske daga baya, saboda in ya yi ƙasa ba a cika shi da 'yar siririyar ƙasa a kan dannanniya, ɓarewa za ta yi kamar ɓawon ciwo. Sai an farfasa an haɗa. Na kuma koyi rage yawan bi. Niƙaƙƙen dutse in ka yi ta kai shi kana kawowa, manya sukan ware gefe su bar gari a tsakiya, wurin ba zai taɓa dannuwa daidai ba.

Na hau sababbin motoci daga baya, masu sanda biyu a hannu a madadin jerin liba, har da masu karɓar bayani daga tauraron ɗan'adam suna ɗaga wuƙa da kansu. Ina son su, kuma duk wanda ya ce ba su rage wahala ba bai wuni yana hawa da sauka da katako ba. Amma tsawo kawai na'urar ta sani. Ba ta san ƙasa ta bushe ba, ba ta ga manyan duwatsu sun taru a gefe ba, ba ta san inda ruwa zai kwanta in kunya ta tare shi ba. Shi ya sa har yau nake ganin a fara wa mai koyo da hannu.

A wata na tara aka ba ni rabin kilomita na shimfiɗar ƙarshe, ni kaɗai. Na fara tun da sanyin safiya. Can wajen hantsi na waiwaya don in ga ko rola ta matso, sai na ga ba yaron da ke jan ta ba ne a kai. Baba ne. Ya sauke shi ya hau da kansa, yana bina a hankali, hannu ɗaya a sitiyari, kansa a ɗan karkace kamar mai sauraro. Na san abin da yake yi, don na zauna a wannan kujerar shekara huɗu, babu abin da ganga ke ɓoye wa mai ita. Gabana ya faɗi, amma na mayar da idona gaba na ci gaba da taɓa liba ƙyas-ƙyas.

Da la'asar injiniya ya bi da igiya da tef fegi bayan fegi, yana rubutawa, ya sa hannu ya tafi. Baba ya kashe rola ya sauko, ya tako har inda nake tsaye.

"Tsakanin fegi na 14 da na 15, gefen hagu, akwai ɗan kwari. Igiya ba ta kama shi ba don a tsakiya yake. Gobe ka farfasa ka gyara kafin rana ta busar da shi."

Na ce, "To Baba."

Ya zaro makullin gireda daga aljihunsa, wanda kullum shi ke tafiya da shi, ya sa min a hannu. Washegari na riga kowa zuwa, na duba mai da ruwa da tayoyi, na ɗura giris, sannan na taka zuwa fegi na 14. Na kwantar da kumatuna kusa da ƙasa na hango ta gefen hasken safiya, sai ga kwarin nan, tsawonsa bai fi taku huɗu ba. Na koma na tada inji, na kira mai tankar ruwa.